Kafin Sharaɗa Akwai Karofi: Tarihin Masana'antun Kano

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ta hana su saurare, da waɗanda suka fi son karatu.

Yau a Kano za mu yini. In ka tsayar da matashi ɗan shekara ashirin da biyar ka ce ya ba ka labarin masana'antun Kano, abin da zai faɗa maka bai wuce jimla biyu ba: da akwai kamfanoni a Bompai da Sharaɗa, sai China ta zo ta kashe su. Haka muka taso muna ji. Ni kuwa ina ganin labarin nan an gutsure masa kai, an gutsure masa ƙafa. Kano ta yi shekaru ɗaruruwa tana sarrafa kaya tana kai wa duniya kafin a dasa injin farko a Bompai, kuma kamfanonin sun fara tari tun kafin kwantenar atamfar China ta farko ta sauka a Kwari. To bari mu ɗauko zaren daga bakinsa.

Garin ma da sana'a ya soma. Labarin baka ya ce Abagayawa, maƙera daga Gaya, su suka zo gindin Dala neman tama, suka zauna. Masu haƙar kayan tarihi kuma sun tono burbushin murhun narkar da ƙarfe a Dala, gwaji ya nuna ya kai ƙarni na 7 Miladiyya. Ke nan tun ba a yi ganuwa ba ake zuga wuta ana fitar da ƙarfe daga dutse a wurin. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi. In kuma ka je marinar Ƙofar Mata yau, allon da ke ƙofar ya rubuta 1498 a matsayin shekarar kafuwarta, wato ƙarshen zamanin Rumfan.

Amma abin da ya ɗaga sunan Kano tufafi ne, kuma a nan nake son mu ɗan zauna, don yawancinmu mun ɗauka saƙa da rini 'yar sana'ar tsofaffi ce ta rage zafi. Ku biyo ni mu bi riga ɗaya tun daga gona.

Manomi ya shuka auduga, wani ya shuka baba. An tsince audugar, ta shiga cikin gida wajen mata. Su za su gurje ta su fitar da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari ta zama zare. Matan aure a cikin kulle da wannan kaɗin suke tara abin yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Zare ya fita kasuwa, masaƙi ya saya, ya saƙa shi ƙyalle-ƙyalle masu tsawo marasa faɗi. Maɗinki ya harhaɗa su. Daga nan sai karofi, wajen marina. Ramin rini ana zuba masa ruwa da toka da baba da katsi, a bar shi ya yi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa da dogon sanda har ya nuna. A tsoma tufa, a ciro, iska ta buge ta, launin ya juye daga kore-kore zuwa shuɗi, a sake tsomawa, a yi ta yi har ta yi baƙi ƙirin. Sai mabuga: a ɗora ta a kan gungume, a barbaɗa garin shuni, ƙarti su yi ta dukanta da manyan sanduna har ta riƙa ƙyalli kamar an shafa mata mai. Sannan dillali, sannan fatake, sannan madugu da raƙuma. Ku ƙirga hannu nawa riga ɗaya ta bi. Kowane hannu a ciki gida ne da yake ci.

Wani masanin tarihi, Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, a kan wannan harka ta rini ya yi digirinsa na uku. Cikin abin da ya nuna akwai wani da yake burge ni. Da can a manyan tukwanen ƙasa ake rini. Sai marinan ƙasar Kano suka ƙware wajen haɗa laso, wani irin siminti da ake yi da ƙonannen katsi da gashin dabbobi da ruwan dafara, suka riƙa shafe ramuka masu zurfi da shi. Rami ya fi tukunya girma nesa ba kusa ba, ya fi ta ƙarko, don haka kuɗin rina kowace tufa ya sauko. Da wannan Kano ta karya farashin sauran garuruwa. Yau da wani ya yi irin wannan dabara, cewa za a yi ya kawo sabuwar fasaha, a gayyace shi taro a Abuja.

Kuma harkar ba a birni kaɗai take ba. Garuruwa irin su Kura da Bunkure da Dawakin Tofa da sauransu cike suke da karofi. Kura ce ta shahara da turkuɗi da rawanin nan da ake kira ɗan Kura, wanda ake saƙa ƙyallayensa siri-siri, faɗin kowane bai kai ɗan yatsa biyu ba. Shi Buzaye suke naɗawa, shuninsa ya zauna musu a fuska, har Turawa suka riƙa kiransu shuɗɗan mutane. Wato alamar da duniya ta san Abzinawa da ita, a Kura ake yin ta. Su kuma su kawo gishirin Bilma da kanwa da dabino. Sarauta ma ta san akwai kuɗi a wurin, shi ya sa akwai haraji na musamman da ake kira kuɗin karofi.

A farkon 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdul Karim, ya shigo Kano. Ya ƙiyasta mazauna birnin da kusan mutum 30,000, ban da baƙin da suke cika shi lokacin fatauci. Ya ƙiyasta tufafin da Kano take fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Ya ce kayan suna kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Timbuktu ta yamma, har gaɓar Tekun Atlantika. Abin da ya ba shi mamaki shi ne duk wannan aiki a cikin gidaje da unguwanni ake yinsa, mutum yana tare da iyalinsa, saɓanin abin da ya baro a Turai inda ake cusa ma'aikata cikin manyan gine-gine. Ya kuma ga kayan Turai a Kurmi tun a lokacin: yadin Manchester, allurai daga Nuremberg, ruwan takobi daga Solingen. Ruwan takubban nan a Kano ake yi musu ƙota da kube, a sake sayar da su ga Buzaye da Barebari da riba. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa: kayan waje yana shigowa, amma sai hannun Bakano ya taɓa shi kafin ya wuce.

Sai dai kada mu yi wa tarihin kwalliyar da ba tasa ba. Wani kaso mai yawa na audugar da baban da hatsin da suka riƙe wannan arziki, bayi ne suka noma su a gandayen sarakuna da na attajirai. Bayan jihadi, da Kano ta shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato, kasuwa ta faɗaɗa, hanyoyi sun buɗe, masu sana'a daga Nufe da Borno da sauran wurare sun shigo, wasu da ƙafarsu, wasu a ɗaure. Bayi kansu haja ne a kasuwa. Duk wanda zai yi alfahari da turkuɗi, ya san har da wannan a cikin kuɗinsa.

Fata kuwa labarinta gajere ne amma da ciwo. Majema suna jeme fatar jar akuya da toka da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, dukawa su yi takalma da jakunkuna da sirdi da titimi da gafaka. Fatar da ta ƙetare Sahara ta isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, sai Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Aikin namu, sunan na wani. Tun a ƙarni na 19 ke nan.

Turawan Ingila suka ci Kano a Fabrairun 1903. Layin dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Abin da ya faru bayan nan yana cikin abubuwan da na fi jin daɗin ba da labarinsu. Turawa saboda auduga suka jawo dogon. Masaƙun Lancashire suna neman auduga, an kafa ƙungiyar bunƙasa nomanta tun 1902, lissafinsu shi ne Arewa za ta riƙa tura musu ɗanyar auduga su kuma su dawo mata da yadi. Da suka zo saye sai suka tarar masaƙan gida suna biyan manomi kuɗin da ya fi nasu. Masaƙin da yake zaune a ƙarƙashin bishiya da ƙafarsa a kan mataki ya fi kamfanin Ingila tayi. Manoman Kano kuma suka duba suka ga gyaɗa ta fi musu: ƙasarsu mai yashi tana sonta, in fari ya zo ana iya cinta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Tsofaffin fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka riga suka san kowane ƙauye da kowane mai gari, su suka bazama suna ba da bashi suna sayen gyaɗa. Jirgin da aka kawo don auduga, gyaɗa ya ƙare da ɗauka.

Cikin waɗannan fatake babu kamar Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, wanda ya fara da fataucin goro daga Gwanja, ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa. A 1929 da aka buɗe reshen bankin Turawa a Kano, labarin da ya shahara shi ne raƙuma ashirin suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Ya rasu a 1955. Dalar gyaɗa da muke gani a tsofaffin hotuna, wadda ake cewa kowace tana cin buhu kusan 15,000, ta samo asali ne daga gazawar jirgin ƙasa wajen kwashe kayan da wuri, sai a tara su a fili a jira. Ni dai duk lokacin da na ga hoton, abu biyu nake gani. Akwai arziki, wannan gaskiya ne. Amma garin da a 1851 yake fitar da riga ɗinkakkiya rinanniya bugaggiya, a 1951 buhun ɗanyar gyaɗa yake fitarwa, a matse mai a Turai. Ayarin Sahara ya mutu don jirgin ruwa ya fi raƙumi araha. Yadin Manchester da ake kawowa kaɗan-kaɗan a bayan raƙumi ya koma zuwa tarago-tarago. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadari, galura ta biyo baya. Faranti da ƙarafunan Turai, har da tarkacen dogo, suka kashe narkar da tama, maƙera suka koma ƙira da tsohon ƙarfe.

Duk da haka sana'o'in ba su faɗi rana ɗaya ba. Buzu bai yarda da rawanin da ba na Kura ba, sarakuna da malamai ba su bar saƙi da tsamiya da aska takwas ba, amarya kuma sai da gwado. Raguwa suka yi ta yi a hankali.

Masana'antar inji ta shigo ne ta hannun baƙi. Kwarori, wato 'yan Lebanon da Siriya, sun zauna a Fagge ta Kudu suna sayar da yadi, daga sunansu aka samu Kantin Kwari. Su suka fara kafa injinan matse man gyaɗa a shekarun 1940. A shekarun 1950 attajiran gari suka haɗa jari suka kafa 'yar masaƙa, aka kuma ware Bompai a matsayin unguwar masana'antu. A Kaduna, gwamnatin Sardauna ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila aka buɗe babbar masaƙar Kaduna a 1957. Bayan 'yancin kai abin ya kankama. Manufar gwamnati a lokacin mai sauƙin fahimta ce: duk abin da muke sayowa daga waje, a zo a yi shi a nan, a sa wa na waje haraji mai nauyi ko a hana shi shigowa. Madatsar Kainji ta fara ba da wuta a 1968. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya yi ta gina madatsun ruwa, aka gama Tiga a 1974. Sai kuɗin man fetur ya ɓarke daga 1973, albashin Udoji ya biyo baya, kowa yana da abin sayayya a aljihu.

Bompai ta cika, aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, aka buɗe Chalawa, aka miƙa ta hanyar Haɗeja. Ana yin alewa da biskit da sabulu da turare da man gyaɗa da naman gwangwani da bargo da katifa da takalmin roba. Ana haɗa keken Raleigh. Ana haɗa manyan motoci da taraktocin Fiat. Attajiran gida suka shiga da ƙarfinsu: Alhaji Isyaka Rabi'u da masaƙar Bagauda, Alhaji Nababa Badamasi da masaƙar Gaskiya, gidan Ɗantata a fannoni da dama. Kamfanoni ɗaruruwa, har ake cewa in ka cire Legas babu garin da ya kai Kano masana'antu a Najeriya. Manyanmu suna ba da labarin yadda titin Bompai yake cika da kekuna in an tashi daga aikin safe masu aikin rana suna shiga. Da yawa daga cikin ma'aikatan 'yan ci-rani ne da gardawa daga ƙauyuka, waɗanda suka baro allo suka kama inji.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Waɗannan kamfanoni da muke kukan mutuwarsu, su ma sun binne wasu. Kwanon langa da fanteka da ake bugawa a Kano su suka kori ƙwarya da akushi daga jeren amarya. Takalmin roba ya rage wa baduku ciniki. Bokitin roba ya zaunar da maginin tukwane. Yadin inji ya sa mata suka ajiye mazari, kuma babu wanda ya rubuta adadin matan da suka rasa wannan kuɗin shiga, don ba su da ƙungiya, ba su da jarida. Wani abin dariya kuma, cikin masu kamfanonin kwano da roba na farko akwai 'yan kasuwar Hong Kong da suka zo tun shekarun 1960. Ke nan Sinawa sun daɗe a Kano, kuma zuwansu na farko inji suka zo da shi.

To me ya kayar da su? A nawa ganin, cutar tana cikin ginin tun daga tushe. Tsohuwar sana'ar rini komai nata a nan yake: auduga, baba, toka, gwani, kasuwa. Sabuwar masana'anta kuwa injinta daga waje, kayan gyaransa daga waje, sinadarin daga waje, sau da yawa injiniyan ma daga waje. Kamfanin roba ba ya motsi sai an shigo da ƙwayar roba. Mai haɗa keke da mota sassa ake aiko masa a akwati ya ɗaure. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun ba attajiranmu hannun jari da kujerun shugabanci, amma sanin sirrin injin bai canza hannu yadda ya kamata ba. Kuma ba a gina gada tsakanin tsoho da sabo ba. Jikan marinin Ƙofar Mata bai zama mai haɗa launi a masaƙa ba, in ya shiga ma lebura ya shiga. Muddin dala tana da araha, wannan duk ba ya fitowa fili. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi.

Gona ce ta fara ba da alama. Farin 1973 ya zo, a 1975 kuma cutar da ƙwarin darɓa suke yaɗawa ta cinye gyaɗa. Dala ta ɓace daga filayen Kano, injinan matse mai suka rasa abin matsewa. Sai farashin fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980. A 1982 gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, lasin shigo da kaya ya zama sai mai uwa a gindin murhu, kamfanoni suka fara rage ma'aikata don babu kayan aiki. A 1986 Babangida ya kawo shirin SAP. Aka saki naira, cikin 'yan watanni dala ta koma wajen naira huɗu, kafin 1993 ta haura naira ashirin. Mai kamfanin da ya ci bashin waje ya sayo inji ya wayi gari bashinsa ya ninka sau da yawa, mai sayen kayansa kuma albashinsa ya zama ba ya kai shi ƙarshen wata. A wannan shekarar ta 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Hukumar tana da laifuffukanta, ta daɗe tana danne wa manomi farashi, amma ita ce take raba ingantaccen iri tana tantance kaya. Da ta tafi ba a maye gurbinta da komai ba, iri ya gauraye, ingancin auduga ya zube.

Sai wuta. Masaƙa ba shagon aski ba ce da za a ja ƙaramin janareto. Inji ne da yake son wuta dare da rana, da tukunyar tururi mai shan baƙin mai. Da NEPA ta gaza, matatar Kaduna kuma ta riƙa tsayawa, sai kowane kamfani ya zama yana samar wa kansa wuta da dizal, ya haƙa rijiyarsa, wani har titin ƙofarsa shi zai gyara. Jirgin ƙasa ya daina aiki, kaya daga tashar Legas sai a mota, tafiyar kilomita wajen dubu. Mai kamfani a Legas ya samu bututun gas daga baya, na Kano bai samu ba. Aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, sai a 2020 aka ƙaddamar da shi.

A kan wannan majinyacin ne yadin waje ya sauka. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 gwamnatin Abacha ta ɗage haramcin shigo da yadi. Gwamnatin Obasanjo ta dawo da haramcin, amma ina, hanya ta riga ta buɗe: kaya ya sauka a Kwatano, ya hau mota ya ratsa Nijar ta Maraɗi, ya shigo ta iyakar Katsina da dare. China ta shiga ƙungiyar cinikin a 2001, masaƙunta suka cika duniya. A 2007 babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe, na Kano ma ɗaya bayan ɗaya. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, amma bashi ba ya kawo wuta, ba ya rufe iyaka.

Kuma a nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Wa ya kai wa Sinawa samfurin atamfa da shadda? Wa ya san launin da matan Kano suke so da sallah, ya hau jirgi ya je Guangzhou ya ce a buga masa irinsa a rabin kuɗi? 'Yan kasuwarmu ne. Ban ce sun yi laifi ba, ɗan kasuwa riba yake bi, kuma talakan da yake da 'ya'ya takwas yana son yi musu kayan sallah ba zai sayi mai tsada don kishin ƙasa ba. Sai da Sinawan suka gane hanya suka zo suka buɗe nasu rumbunan a Kano, suna sayarwa kai tsaye, sannan kuka ya tashi. A 2015 marina suka yi zanga-zanga har fadar Sarki, don an fara shigo da yadin da aka riga aka rina, wanda yake kwaikwayon nasu. Kun tuna ruwan takobin Solingen da sai an yi masa ƙota a Kano? To yanzu kayan da ƙotarsa yake zuwa. Kantin Kwari tana nan tana cika tana batsewa, mutane suna zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru, amma kusan duk abin da yake cikinta wani ne ya saƙa. Gine-ginen kamfanoni da yawa a Bompai da Sharaɗa sun koma rumbunan ajiye kayan waje. Ma'aikatan da aka sallama da yawansu achaɓa suka kama, da aka hana goyo a babur a 2013 suka koma Adaidaita Sahu.

Abin mamakin shi ne waɗanda aka ɗauka za su riga kowa mutuwa suna nan. A Ƙofar Mata ramuka da yawa sun cike da shara, 'yan kaɗan ne suke aiki, cinikinsu kuma ya dogara da baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda suka ɗauke ƙafa tun da tsaro ya taɓarɓare. Amma rini a matsayin sana'a bai mutu ba, kaya ya sauya: samari ne a lunguna da rabin duro da itacen wuta da galura, suna rina farar shadda, mabuga suna bugawa kamar yadda kakanninsu suka yi. Maɗinka da masu aikin wuya da masu ɗinkin hula sun fi da yawa. A Ƙofar Wambai da kewayenta ana yin takalma da jakunkuna ana lodi zuwa ƙasashen maƙwabta. Masu narka tsohon alminiyam suna zuba tukwane, maƙera suna ƙera garma da injin sussuka da na markaɗe daga tarkacen mota. Waɗannan ba su taɓa samun lasin shigo da kaya ba, ba su taɓa ganin bashin banki ba, don haka ranar da waɗannan abubuwa suka ƙafe ba su ji a jikinsu kamar manya ba. Matsalarsu ita ce sun kasa girma. Mai yin takalmi yana da gwaninta, amma ba shi da injin da zai sa ƙafa ɗari su fito iri ɗaya, ba shi da wutar da zai kunna shi in ma ya samu.

Fata ce ta fi nuna inda muke. Manyan kamfanonin jima na Chalawa da Sharaɗa suna cikin waɗanda suka rayu, suna kawo wa ƙasa kuɗin waje masu yawa. Suna jeme fatar awaki da tumaki su tura Italiya da Sifaniya, can a yanka a ɗinka jaka da takalmi, a buga sunan kamfanin can, a sayar da tsadar da mai akuyar ba zai taɓa yarda ba in an faɗa masa. Ruwan sinadarin jimar kuma a nan yake zama, ya gangara kogin Chalawa, mutanen ƙauyukan bakin kogin sun daɗe suna kuka da shi. Ƙirgin shanu kuwa yawancinsa ganda ake yi da shi a cinye. Shi kuma mai ɗinkin takalmi a Ƙofar Wambai, da yake fata mai kyau ta fi ƙarfin aljihunsa, ledar roba ta China yake saya ya yi aiki da ita, alhali kamfanin jimar bai fi tafiyar rabin awa daga shagonsa ba.

A 'yan shekarun nan injinan casar shinkafa sun yawaita a Kano da Kura da kewaye, musamman bayan an takura shigo da ta waje, aka kuma rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Shinkafar a nan ake nomanta da ruwan Tiga, wannan ya bambanta su da kamfanonin da. Amma su ma katangar gwamnati ce ta tsare su, kuma mun ga abin da ya faru da masaƙu ranar da aka ɗage tasu katangar a 1997. Labarin shinkafar da na Kasuwar Dawanau shi za mu ɗauko a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Sai mun haɗu, a huta lafiya.